'Yata za ta cika shekara 10: doka a Ingila ta hana ta kwana ɗaki ɗaya da ƙanenta?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Muna haya a Manchester, gida mai ɗakin kwana biyu da falo. Ni da maigida muna ɗaya, yaran suna ɗaya. Yarinyar za ta cika shekara 10 a watan gobe, ƙanenta yana da 7. An ce mini da zarar ta cika dole a raba su, in ba haka ba ma'aikatan kula da yara za su shigo maganar. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, hankalina ya tashi.

Mai Lura da Haya:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu, ki kwantar da hankalinki. Babu dokar da ta ce iyaye sun yi laifi don ɗansu da 'yarsu suna kwana ɗaki ɗaya. Shekara 10 ɗin da ake ta ambata ta fito ne daga Dokar Gidaje ta 1985, kuma aikinta shi ne tantance ko gida ya yi wa mutanensa kaɗan.

Ma'auni biyu ne. Na farko, sashe na 325: gida ya cunkushe idan ya zama dole namiji da mace waɗanda ba ma'aurata ba su kwana ɗaki ɗaya. Amma wanda bai kai 10 ba ba a lissafa shi sam, don haka ɗanki mai 7 ba ya cikin maganar sai nan da shekara uku. Ko a lokacin ma, falo ɗaki ne a idon wannan dokar. Za a ce yaron ya kwana a falo, ko shi da babansa a ɗaki ɗaya, ke da yarinyar a ɗaya. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki idan sun kai kuka.

Na biyu, sashe na 326, yana ƙirga kawuna da faɗin ƙasa. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ƙirga shi, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 10 rabin mutum ne. Ɗaki biyu na ɗaukar mutum 3, uku na ɗaukar 5, huɗu 7 da rabi. Sai awo: ɗakin da ya kai murabba'in ƙafa 110 mutum 2, daga 90 mutum 1 da rabi, daga 70 mutum 1, daga 50 rabin mutum, ƙasa da 50 ba ɗaki ba ne. Ana yin lissafin biyu, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Ku za ku zama 3 da rabi bayan ta cika 10, a ɗaki uku har da falo. Da wuya a ce kun cunkushe, amma ki sa tef ki auna kowane ɗaki daga bango zuwa bango, ki rubuta. Wannan na Ingila da Wales ne, Scotland tana da tata dokar ta 1987.

Ɗan Leicester:
Hajiya, inda ranar haihuwar nan za ta yi miki amfani shi ne wajen tallafin haya, don ƙa'idarsa daban take. A Universal Credit, wato tallafin kuɗi na gwamnatin Birtaniya, ana ba ma'aurata ɗaki ɗaya, duk wanda ya kai 16 ɗaki ɗaya, yara biyu jinsi ɗaya 'yan ƙasa da 16 ɗaki ɗaya, yara biyu da dukkansu ba su kai 10 ba ɗaki ɗaya ko da namiji da mace ne. Ki lura da "dukkansu". Ɗaya kawai ta cika 10 ya isa, kuma a nan ba a ƙirga falo. Kenan daga watan gobe lissafinku ya koma na ɗaki uku. Idan gidan na mai zaman kansa ne, iyakar abin da za a iya biya muku za ta hau zuwa ta ɗaki uku a yankinku, sai dai ba za ta wuce ainihin kuɗin hayarku ba. Ki rubuta musu a shafinki na Universal Credit, ki duba biyan da zai biyo baya.

Haka kuma ki nemi shiga rajistar gidajen ƙaramar hukuma. Dokar Gidaje ta 1996 ta wajabta musu ba masu cunkoso fifiko, kuma da yawansu suna auna shi da ƙa'idar ɗakin kwana wadda ta fi ta 1985 sassauci. Kowace hukuma da nata tsarin, layin gida mai ɗaki uku kuma dogo ne ƙwarai.

Gargaɗi mai muhimmanci: idan bizarku ta karatu ce ko ta aiki, mai sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati, kada ku nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana iya ɓata muku takardun zama.

Malama Ummu:
Game da ma'aikatan kula da yara, abin da Dokar Yara ta 1989 ta ɗora musu bincike a kai shi ne zargin cutarwa mai tsanani. Haɗa ɗaki shi kaɗai bai kai nan ba. Ƙa'ida mai tsauri ta yaran riƙo ce da hukuma ta ba mutum: a Ingila wanda ya wuce shekara 3 ana so ya sami ɗakinsa.

Amma 'yar'uwa, kada rashin tilascin doka ya sa a bar abin haka. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya umarci a raba wa yara shimfiɗa a shekara 10, kuma yarinyar ta kusa fara girma, tana bukatar sirrinta. Kowa da gadonsa da bargonsa. Ki raba ɗakin da labule mai kauri a kan sandar da ake tokarewa tsakanin bango biyu, ko da kabad, amma ki ɗaure kabad ɗin da bango don kada ya faɗo, kuma kada ya tare taga, ƙofa ko hita. Ki bar tazara tsakaninsa da bangon waje, in ba haka ba danshi zai taru, baƙar fumfuna ta fito. Bangon katako kuwa sai da izinin mai gida a rubuce, don za a iya cire kuɗin gyara daga ajiyarku. Gado mai hawa biyu ya dace da shekarunsu tunda ɗan ƙasa da 6 ne ba a sa wa sama. Canza kaya a banɗaki, ko ɗaya ya fita, kuma a koya wa yaron yin sallama kafin ya ɗaga labulen.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Takardunmu na zaman dindindin ne, don haka zan rubuta musu. Malama, idan na mai da falon ɗakin yaron da gado mai naɗewa, zai rage mana matsayi a rajistar?

Mai Lura da Haya:
Yawanci ɗakunan kwanan da gidan yake da su ake dubawa, ba inda kuka shimfiɗa wa yaro ba. Amma wasu hukumomin suna ɗaukar falo na biyu ko ɗakin cin abinci a matsayin ɗakin kwana, don haka ki karanta tsarin rabon gidaje na hukumarku kafin ki cike fom. Idan akwai murhun gas ko tukunyar ɗumama ruwa a falon, kada yaron ya kwana can sai ƙwararre mai rajistar Gas Safe ya duba, a kuma sa na'urar gano iskar gas mai guba.