Gam zai iya riƙe boris in gidansa ya buɗe?

Mai injin casa: Salamu alaikum. Boris ɗin injina na rawa cikin gidansa. Wani ya ce in sa gam ɗin Loctite, ba sai an yi walda ba. Mi kuka gani?

Oga Bakanike: Alhaji, kar ka ɓata kuɗinka. Ƙarfe da ƙarfe aka riƙe shi. A cika wurin da walda, a kai a fere shi daidai, a buga boris. Hakan munka iske iyayen gidanmu na yi. Wane gam ne zai jure zafin Afrilu a Sakkwato, ga kuma zafin inji?

Malamin fasaha: Oga, da girmanka, ba irin gam ɗin takalmi ba ne. Wannan ba ya daskarewa sai ya shiga tsakanin ƙarfe biyu inda iska ba ta kai, shi ya sa yake zama ruwa a cikin roba. Tun 1953 aka ƙirƙiro shi a Amurka. Zafin garinmu yakan wuce digiri 40 ne, shi kuwa gam ɗin iri-iri ne, mai lamba 620 yana jure digiri 200. Kuma ko boris ɗin da ka buga da ƙarfi, ba ko'ina yake taɓa gidansa ba. Akwai ƙananan ramukan da ido ba ya gani, nan ake samun gogayyar da ke fitar da jan garin tsatsa. Gam ɗin su yake cikewa.

Oga Bakanike: To mi ya sa na yaron da ya sa ma injin ban ruwa a Kwalkwalawa ya saki?

Malamin fasaha: Ya wanke wurin? In da gris ko baƙin mai, kamun ba zai yi ƙarfi ba. Sannan ya jira? Sai ya yi awa 24 kafin ya gama kamawa, mu kuwa da an ɗaura sai a ja igiya.

Mai walda: Ni sana'ata ce, amma zan faɗi gaskiya. Gidan boris na ƙarfen zubi, walda na iya tsaga shi ko ta karkatar da shi. Abin da na fi tsana shi ne masu tsattsaga wurin da panci ko su cusa gwangwani. Wannan cutar mai inji ce.

Oga Bakanike: Na ji. In boris ya mutu fa, ya za a cire shi?

Malamin fasaha: A gasa wurin ya kai kamar digiri 250, a zare shi da zafinsa. Amma inda kake da gaskiya, Oga: gam na da iyaka. Mai lamba 638 na cike giɓin da bai wuce milimita 0.25 ba, mai lamba 660 kuma rabin milimita. In ya wuce haka, ko ramin ya zama kamar ƙwai, aikin ya koma hannunku.

Oga Bakanike: Na Alhaji da na gani jiya, hannu kawai ka sa sai ya faɗo.

Malamin fasaha: Faɗowa ba awo ba ne. Alhaji, a auna giɓin tukuna, ka turo mana awon.