Kwarin Ngorongoro a yini ɗaya daga Arusha: zai yiwu?

Maman Ihsan: Salamu alaikum. Muna da taro a Arusha ta Tanzaniya a watan Yuni, kwana biyu ne rararmu. Mu huɗu ne, har da Baba mai ciwon gwiwa. Mu je kallon namun daji a kwarin Ngorongoro mu dawo a yini ɗaya, ko mu kwana a garin Karatu da ke kusa da shi? Karkanda muke son gani da raƙumin dawa.

Abu Sadiq: Gandun dajin Serengeti ya fi, Hajiya.

Malam Tijjani: Ta ce kwana biyu. Hajiya, ku kwana a Karatu. Daga Arusha zuwa ƙofar Loduare, inda ake shiga Ngorongoro, tafiyar awa uku ce zuwa huɗu, ita kuma ƙofar ƙarfe 6 na safe ake buɗe ta. Wanda ya taso daga Arusha sai rana ta take zai sauka, zakuna sun kwanta, motoci sun cika hanya. Ta hanyar Seneto ake gangarawa cikin kwarin, a hau ta hanyar Lerai, zurfin kusan mita 600. Baba ba zai taka ko'ina ba, an hana fita daga mota sai a wuraren hutu. Raƙumin dawa babu shi a cikin kwarin, sai a gandun dajin Tarangire ko na Manyara.

Zainab K.: Ku ɗauki rigar sanyi mai kauri. Bakin kwarin ya haura mita 2,200, a Yuni hazo ne da sanyi. Karkanda kuma daga nesa ake hango shi, ba madubin hangen nesa sai dai ku ga ɗigo baƙi.

Abu Sadiq: Kuɗin sauka cikin kwarin dala 250 ne kowane mutum.

Malam Tijjani: Kowace mota dai, kuma da haraji 295. Kuɗin shiga ƙofa daban, wajen dala 71 kowane mutum na awa 24.

Ɗan Borno: A nan ake cutar mutane! Dillali ya ce komai na ciki, a ƙofa direba ya ce ba a biya na sauka ba. Ko a cusa ku bakwai a mota, na tsakiya ba ya ganin komai sai ƙeya. Sai an rubuta muku "crater fee", wato kuɗin sauka, a takarda kafin ku tura ko sisi. Kuma awa 24 ɗin nan daga minti na shigarku ake ƙirgawa, kuka wuce ku sake biya.

Abu Sadiq: Malam Tijjani, kai ba dillalin ba ne kuwa?

Zainab K.: Wanda ya ce kuɗin mota na kowane mutum ne yake tuhumar wani?

Sani Kofa: Ku je Yankari, ga giwa ga ruwan Wikki, Baba ya gasa gwiwa 😂

Zainab K.: A wurin hutu na Ngoitokitok ku ci abinci cikin mota, shirwa na fizge nama daga hannu.

Ɗan Borno: Biza fa? Mai fasfon Najeriya ba a ba shi ita a filin jirgi, sai an tura takardu an jira amincewa, ta kan ɗauki makonni. Mu da muke Afirka ɗaya, Bature ya sauka a buga masa nan take.

Maman Ihsan: Masu taron sun nema mana. To a Karatu wane irin masauki ne babu matakala?

Sani Kofa: Ai har katin rigakafin shawara sai sun tambaya, Ɗan Borno.