Sinadarin da ke sa ruwa gudu a bututu: zai amfani manomin rani?

Manomin Argungu:
Assalamu alaikum. Ina noman shinkafa na rani a fadamar Argungu, amma gonata ta yi nisa da gulbi, sai na jona tiyo mai inci 2 da yawa kafin ruwa ya iso. A bakin inji yana fita da ƙarfi, kafin ya kai gona ya yi rauni, ga fetur yana ta ƙonewa. Ɗana mai karatu a jami'ar Aliero ya ce akwai sinadarin da ake zubawa, ruwa ya riƙa sulɓewa cikin bututu. Da gaske ne?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Baba. Yaronka ya yi gaskiya. Polima ake kiransa, irin su polyacrylamide. Idan ruwa yana gudu da sauri, ba miƙewa yake ba, hautsinewa yake yana gugar jikin bututu, nan ƙarfin injinka yake tafiya. Shi polima dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, yana sa ruwa ɗan yauƙi irin na kuɓewa, sai hautsinin ya lafa. Giram 20 zuwa 50 cikin lita 1,000 kan rage gugar da fiye da rabi. Wani masani mai suna Toms ya bayyana haka a 1948, kuma tun 1979 ake amfani da dabarar a bututun ɗanyen mai na Alaska.

Sai dai ni ban ba ka shawararsa ba. Farfelar inji tana tsinka zaruruwan, dole a bayan inji za a riƙa ɗiga shi ba tsayawa, kai kuma dubban lita kake turawa kowace awa. Ga shi a fadama mutane da shanu suna sha daga ruwan nan, shi kuma polima idan ba a tace shi da kyau ba yana ɗauke da ragowar sinadarin acrylamide mai guba.

Mai gyaran inji, Jega:
Alhaji, ka koma inci 3. Idan yawan ruwan ɗaya ne, gugar za ta ragu kusan ninki 7. Ka miƙe tiyon, ka rage lanƙwasa, ka ɗaure mahaɗan da ke yoyo.

Manomin Argungu:
Allah ya saka muku da alheri. Malam na Jega, bakin injina inci 2 ne, zai karɓi babban tiyon?

Mai gyaran inji, Jega:
Zai karɓa, Alhaji. Akwai mahaɗi mai baki biyu, 2 da 3, ka nema wurin masu kayan famfo.