Neman shawara kan ruwan inabin chardonnay da pinot noir na Hemel-en-Aarde

Ɗan Pankshin: Salama gare ku iyaye da yayye. Wata uku ke nan da na samu aiki a wani gidan abinci nan Cape Town, ina kai wa baƙi abinci teburi. Jiya wani baƙo ya ce in kawo masa jan ruwan inabin da ake kira pinot noir, na yankin sanyi, sai na kawo masa wani da ake kira pinotage, don a ganina duk abu ɗaya ne. Bai yi faɗa ba, amma manaja ya ja ni gefe, ya ce kafin ƙarshen wata in san kwalaben da ke takardarmu, musamman chardonnay, wato farin, da pinot noir na ƙananan gonaki. Ina da hutun kwana biyu mako mai zuwa. Ina zan je in gani da idona? Aljihuna ba nauyi, a yi mini la'akari.

Maman Tabitha: Sannu ɗana, kada ka sa abin a rai. Kuskuren ma yana da tushe, domin pinotage ɗan pinot noir ne. A 1925 wani malami a Stellenbosch, Abraham Perold, ya haɗa pinot noir da wani irin inabi, cinsaut, ya fitar da shi. Amma ɗan bai ɗauko halin uban ba: pinotage baƙi ne, mai nauyi a baki, shi kuwa pinot noir idan ka ɗaga gilashin kana iya hango yatsunka ta cikinsa. Shawarata guda ce, ka tafi Hemel-en-Aarde, kwarin da ke bayan garin Hermanus. Na yi shekaru ina aikin otal a can, ban ga inda ya fi shi koya wa mutum waɗannan biyun ba.

Malam Direba: Ƙanina, ni dai kun sani ba na sha, addinina ya hana, saboda haka kwalba ba zan ce maka wannan ko waccan ba. Hanya ce sana'ata. Daga Cape Town ka bi N2, ka hau Sir Lowry's Pass, ka wuce Grabouw, a Bot River ka sauka kan R43 zuwa Hermanus. Kimanin kilomita 120 ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ba cunkoso. Kafin ka shiga cikin gari za ka ga R320 ta hagu, wadda ke zuwa Caledon. Gonakin duk a bakinta suke jere. Abin da ba na so shi ne ka tuƙa kanka.

Ɗan Pankshin: Na gode Malam. Mama, da wace gona zan fara? Na ga sunaye da yawa har kaina ya ɗaure.

Maman Tabitha: Ka fara da Hamilton Russell, don nan ne asalin abin. Tim Hamilton Russell ya sayi filin a 1975, lokacin da manyan masu sana'ar duk suna wajen Stellenbosch da Paarl inda ake zafi. Shi sanyi ya biyo. Ruwan inabinsu na farko ya fito a 1981, daga baya ɗansa Anthony ya karɓi gonar ya taƙaita ta ga iri biyu kawai, chardonnay da pinot noir. Makwabcinsu Bouchard Finlayson ne, wanda aka kafa a 1989, kuma Peter Finlayson ɗin shi ne ya fara haɗa wa Hamilton Russell nasu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Pinot ɗinsa sunansa Galpin Peak. Idan ka ɗanɗana na gidajen nan biyu a rana ɗaya, ka riga ka samu ma'auni a bakinka.

Abin da nake so ka lura da shi a chardonnay ɗinsu shi ne yadda yake sa yawu ya taru maka, kamar ka lasa lemun tsami, sannan can ƙarshe ka ji wani ɗan gishiri-gishiri. Na yankin zafi ba ya yin haka, sai ka ji kamar abarba da man shanu, ya cika baki ya zauna.

Baba Kagoro: Maman Tabitha, na yarda da ke kan tarihi, amma yaron nan ya ce aljihunsa ba nauyi. Hamilton Russell ba kwalbar mai sabon aiki ba ce. Ɗana, ka je ka biya kuɗin ɗanɗanawa kawai, kada ka sayi komai a wurin. Idan za ka sayi kwalba ɗaya ka kai gida ka yi nazarinta, ka hau sama zuwa Newton Johnson. Suna da mai tsada, suna da mai sauƙi, kuma mai sauƙin ma bai zubar da mutuncin gidan ba. Ni pinot ɗinsu ya fi kwanta mini, yana da ƙamshi mai taushi da ba ya tsokanar hanci.

Maman Tabitha: Baba, gaskiyarku. Na manta da batun aljihun.

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Ni ma ba na sha, amma karatun gona ya kawo ni Stellenbosch, kuma kurangar inabi tana cikin abin da muke yi. Ɗan Pankshin, idan baƙo ya tambaye ka ma'anar yankin sanyi, ga abin da ke faruwa a gona. 'Ya'yan inabi suna tara zaƙi da rana, tsaminsu kuma yana raguwa yayin da suke nuna. Idan wuri yana da zafi, musamman idan dare ma bai huce ba, zaƙin yana hawa da gudu, tsamin yana zubewa da gudu, dole a girbe da wuri kafin ƙamshin ya gama haɗuwa. A Hemel-en-Aarde iskar tekun Atlantika mai sanyi tana shigowa daga Walker Bay ta bi kwarin, sai nunar ta tafi a hankali. Tsamin ya tsaya, ƙamshin ya samu lokaci.

Pinot noir ya fi kowa buƙatar wannan. Fatarsa siririya ce, shi ya sa launinsa bai yi duhu ba, baurinsa kuma kaɗan ne. Nonon inabin nasa a cushe yake, 'ya'yan suna matse juna, don haka idan ruwa ya sauka dab da girbi ruɓa tana shiga nan da nan. Rana ta yi yawa ya ƙone, laima ta yi yawa ya ruɓe. Ga shi ba ya ba da yabanya mai yawa idan ana son mai kyau. Tsadar da Baba yake faɗa daga nan take.

Wani abin da ya ba ni sha'awa da na fara karatu: a 1999 masu bincike na Jami'ar California da ke Davis, tare da abokan aikinsu na Faransa, sun gano ta gwajin ƙwayoyin gado cewa chardonnay ma ɗan pinot ne, ɗayan mahaifin wani tsohon iri ne da ake kira gouais blanc. Ba banza ba duk inda ka ga ɗaya sai ka ga ɗayan, tun daga gidansu na asali a Burgundy ta Faransa.

Ɗan Pankshin: Malam, Allah ya ƙara sani. To in sanyi ake nema, me zai hana a yi shi a Jos ko Mambila?

Malamin Gona: Sanyinmu daban ne. Kurangar tana son hunturu na gaske da za ta zubar da ganye ta yi barci wata da watanni, sannan bazara mai dogon yini da bushewa. A nan ruwa da hunturu yake sauka, girbi kuma ya faɗo wajen Fabrairu zuwa Maris cikin rani. Mu kuwa ruwanmu yana zuwa ne da ɗumi. Ana noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna, kuma yana yi, amma na ci ne, kuma da dabarar aski ake tilasta wa kurangar ta huta.

Yaya Rifkatu: Ina ta karantawa a wurin aiki ban samu sukuni ba sai yanzu. Ƙanina, ni a chardonnay ban yarda Hemel-en-Aarde ta fi Elgin ba, kuma Elgin a kan hanyarka take, nan wajen Grabouw da Malam Direba ya ambata. Ƙasar tuffa ce, tana kan tudu, gajimare yana yawan rufe ta. Ka nemi na Paul Clüver, ko Iona, ko na Richard Kershaw. Nasu ya fi kaifi, ya fi tsabta a baki. Na sha ba wa baƙin da suka ce sun tsani chardonnay, suka nemi ƙari. Yawancin masu cewa haka abin da suka tsana gangar itacen oak ce, wadda ake ajiye ruwan a ciki, da aka cika, har ruwan ya koma ɗanɗanon katako da man shanu.

Malamin Gona: Man shanun nan ba daga ganga kaɗai yake ba, Yaya. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke juya tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa ya koma mai laushi irin na kindirmo. Mai haɗawa ne ke zaɓar ya bar su su yi aikin duka, ko rabi, ko ya hana. Ɗan Pankshin, ka yi wannan tambayar a kowace gona, za su san da gaske ka zo koyo.

Maman Tabitha: Rifkatu, ban ƙi Elgin ba, amma sai ki kai shi Ataraxia tukuna mu ji. Kevin Grant ne mai ita, shi ma daga Hamilton Russell ya fito. Ɗakin ɗanɗanawarsu an gina shi kamar ƙaramar majami'a a kan tudu, daga ciki kana kallon kwarin gaba ɗaya. Duk lokacin da na tsaya a wurin sai na tuna dalilin sunan, don Hemel-en-Aarde a harshen Afrikaans sama da ƙasa yake nufi.

Ɗana, ka riƙe wannan kuma: kwarin kashi uku ne a hukumance. Akwai na ƙasa kusa da teku mai ƙasar yumɓu, inda Hamilton Russell suke. Akwai na sama mai ruɓaɓɓen dutsen granite, inda Newton Johnson suke. Sai Ridge can ƙarshe, inda Ataraxia da Creation suke, ya fi tudu, girbinsa ya fi jinkiri. Wani mai haɗawa, Hannes Storm, yana yin pinot uku, ɗaya daga kowane kashi: Vrede, Ignis da Ridge. Hannu ɗaya, iri ɗaya, ƙasa ce kawai ta bambanta. In manajanku yana da su a rumbu, ka roƙe shi ya buɗe muku ukun a jere ranar horo.

Baba Kagoro: Tunda abinci kake kaiwa, Creation sun yi suna wajen haɗa kowane gilashi da lomar da ta dace da shi. Ba arha, amma darasin ya shafi aikinka kai tsaye. A nawa bakin, chardonnay na tafiya da kifi da gasasshiyar kaza, pinot da agwagwa da naman kaza, wato wanda ke tsirowa a ƙasa. Na taɓa gwada pinot da tsire mai yaji sosai a gida, yajin ya kashe shi ƙurmus, sai zafi kawai. Kuma kada ka kai pinot da ɗumi, ka bar shi ya ɗan yi sanyi wajen digiri 15. Chardonnay kuma kada ya daskare, wajen 11 ya isa.

Yaya Rifkatu: Ka yi amfani da bokitin tofarwa, an ajiye shi don haka ne, ba rashin kunya ba ne. Gona uku a rana sun isa, bayan haka harshe ba ya rarrabe komai. Ka tafi da littafi ka rubuta abin da kai ka ji da Hausa, ko da ka ji kamar zoɓo ne ko tsamiya. Sannan ka kira kowace gona tun kafin ranar, wasu sai da alƙawari suke karɓar mutum.

Ɗan Pankshin: Na rubuta duka. Ranar farko Hamilton Russell, Bouchard Finlayson da Newton Johnson. Ta biyu Ataraxia, sannan in tsaya Elgin a hanyar dawowa. Creation sai albashi ya shigo. Malam Direba, ko kuna da tafiya wajen a makon?

Malam Direba: Talata zan ɗauko wasu baƙi a Hermanus, motar babu kowa a tafiya. Ka same ni ƙarfe shida da rabi na safe, zan turo maka wurin ta waya. Ka zo da rigar sanyi, iskar kwarin nan tana shiga ƙashi ko da rana ta fito.