Za a yi wa Baba hoton zuciya na nukiliya, wa ya taɓa yi?

Ummu Hafsat: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da mahaifina ya samu bugun zuciya. Yanzu likita ya ce a yi masa hoton MUGA, a ga yadda zuciyar ke tura jini. Tunda ya ji kalmar nukiliya barci ya ƙaurace masa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni an yi min. Allura biyu ce a hannu, tsakaninsu kamar minti 20. Ta biyun ce ke ɗauke da teknishiyam-99m, sinadarin nukiliya ne mai fitar da haske da ido ba ya gani, wanda ke maƙale wa jajayen ƙwayoyin jini don kyamara ta iya bin su. Suka manna min wayoyi a ƙirji, suka matso da kyamarar dab da haƙarƙarina na hagu. Babu zafi ko kaɗan, sai dai bayana ya ƙage saboda kwanciya ba motsi. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk awa 6. Suka ce in sha ruwa sosai, kuma ranar ban ɗauki jikata jaririya ba.

Maman Abba: Ni dai sakamakon ne ya gigita ni. Na ga 42 a takardar maigidana, na ɗauka cikin 100 fiye da rabin zuciyarsa ta tafi. A tsaye nake, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Sai likita ya zaunar da ni ya ce ko lafiyayyar zuciya ba ta juye jininta duka, kashi 50 zuwa 70 take turawa a kowane bugu. Da an faɗa min haka tun kafin a miƙo takardar, da ban shiga wannan tashin hankalin ba. Ki shirya Baba tun yanzu, 'yar'uwa.

Abu Yasir: Kuma kada ku ɗauki adadin farko a matsayin hukunci. Nawa 32 ne a makon farko bayan na samu bugun zuciya. Aka ce wani sashe na tsokar bai mutu ba, suma ya yi, yana iya farfaɗowa. Shi ya sa ba a yanke shawarar dasa na'urar daidaita bugu sai an wuce aƙalla kwana 40 kuma adadin bai haura 35 ba. Na riƙe magani ba fashi, bayan wata uku aka sake aunawa, 44.

Ummu Hafsat: Allah ya saka da alheri. Na karanta masa, ya ce in tambayi Baba Dattijo ko za a bar ni in tsaya kusa da shi a ɗakin.