Wasan langa a kwamfuta: kyamara ko tabarma?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da yara kwamfuta bayan Islamiyya, kuma zaman da suke yi suna latse-latse ya dame ni. So nake in haɗa musu wasa irin langa: yaro ya riƙa tsalle da ƙafa ɗaya, ɗan hoton da ke kan allo yana bin motsinsa. Laftof ɗaya gare ni, ita ma tsohuwa. An ce in nemo Kinect, na'urar kyamara mai bin motsin jiki, a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. In saya, ko akwai hanyar da ta fi?

Wani daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam Malam. Tun 2017 Microsoft ta daina ƙera Kinect na Xbox, sai na hannu za ka samu, ga neman adaftar wuta, kuma hasken rana yana rikita shi. Kyamarar laftof ɗinka ta isa. Haɗa p5.js, manhajar zane a kan allo, da MediaPipe, manhajar da ke gano wurare 33 a jikin mutum ta kyamara, duk kyauta ne.

Wata malama, Mile 12: Ɗan uwa, ka tuna da 'yan mata. Kyamara gwiwa da idon sawu take nema, dogon hijabi kuwa ya rufe su. Sannan yaranmu ba sa jiran layi, biyar za su faɗo gaban kyamara lokaci guda. Wasan da zai bar yarinya a gefe tana kallo, ni ban ga amfaninsa ba.

Wani mai gyaran lantarki, Ikeja: Gaskiyar Malama ce. Yi tabarma kawai. Yanka kwali biyu, manna wa kowanne takardar alminiyam, ka sa siririn soso mai huji-huji a tsakani. Da an taka, sai su haɗu, wuta ta wuce. Ja waya zuwa ɗan allon lantarki mai suna Arduino Leonardo, ba samfurin Uno ba, don Leonardo ne kwamfuta ke ɗauka kamar kibod. Kowane taku ya zama danna maɓalli, sai yaran su gina wasan da kansu a Scratch, manhajar koya wa yara haɗa wasanni. Tsohuwar laftof ba za ta ji nauyinsa ba, ko NEPA ta ɗauke batir zai riƙe. Sa jinkirin milisakan 50 a umarnin da za ka rubuta wa Arduino, in ba haka ba taku ɗaya zai ƙirgu sau uku. Ka liƙe roba a ƙasa saboda santsin tayil.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, tabarmar zan yi. Oga, soson katifa zai yi, ko ya yi kauri ga ɗan shekara 7?