Ƙwan tocilata ya koma shuɗi, a canza ko a jefar?

Ɗan Gyallesu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da ƙaramar tocila mai ƙwan LED da batir mai caji samfurin 18650 guda ɗaya, haskenta ya dushe har ya koma shuɗi-shuɗi. Jikinta ƙarfe ne mai ƙwari, ba na son rabuwa da ita. Ana canza ƙwan kuwa?

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ana canzawa mana. Zafi ne ya cinye shi. Kwance kan, ka zare mazurarin nan mai sheƙi, za ka ga ƙwan zaune bisa ɗan faranti, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Auna farantin kafin ka nufi Sabon Gari. Na ƙananan tociloli galibi milimita 16 ne, wasu 20. Ka nemi ƙwan da ya zo manne da farantinsa. Manna ƙwan a kan farantin da kanka sai da wuta ta ƙarƙashi, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ɗan Samaru: Baba ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, ka duba volt. Ƙwayaye samfurin Cree XM-L2 da Luminus SST-40 duk wajen volt 3 suke ci, girmansu ɗaya, milimita 5 kowane gefe. In naka ƙarami ne mai milimita 3.5, nemi SST-20 ko Nichia 519A. Kada wani ya cusa maka XHP50 mai volt 6, tocilarka ba za ta tada shi ba.

Mai Shayin Kwangila: Ni dai kada ka manta da farin man nan mai janye zafi da masu gyaran kwamfuta ke shafawa, ka sa shi a ƙarƙashin farantin. Bara na yi gaggawa na ɗora faranti a bushe. Minti biyar ban cika ba sai ga hayaƙi, gilashin ya yi dusu-dusu, kuɗina ya bi iska. Ɗigo kamar ƙwayar gero ya isa.

Maman Biyu: Ku kuna ta lissafin volt, launin fa? Mai farin haske tas ɗin nan da ake rubuta wa 6500K kashe ido yake, in na haska tukunya ko dahuwar nama ba na tantancewa. Sayi 4000K, mai ɗan sirkin rawaya.

Ɗan Samaru: Hajiya kin taɓo wajen. A hazon hunturu ma farin nan tas dawo maka yake a fuska.

Baba Mai Rediyo: Cire batir kafin ka taɓa komai. In za ka manna wayoyin da dalma, jar waya kan alamar tarawa, baƙa kan ta ragewa. Dalmar kuma ta kwanta, in ta yi tudu ta taɓa mazurarin wuta za ta haɗe. Ɗan zoben robar da ke kewaye da ƙwan ma kada ya ɓace maka.

Ɗan Gyallesu: Na gode ƙwarai. Amma Baba, kan ya ƙi kwancewa, kamar an sa masa gam.

Baba Mai Rediyo: Kada ka sa masa filaya, za ka kwarzane shi. Naɗa masa robar tsohon tib ka murɗa. In ya ƙi, kawo min shago bayan la'asar.